Muryar Gwaggo

Shekara arba'in Baba Mai Agogo ya yi a wani ɗan shago mai faɗin tabarma biyu, da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana ta da matattun agoguna. Da wayar hannu ta cinye sana'ar, 'ya'yansa suka zaci zai zauna ya huta. Ina! Wata Asabar sai ga babbar mota ta kawo masa gawar wata mota da ta girmi babban ɗansa. Ba taya, ba fitila, kaji ma sun yi ƙwai a kujerar baya. Ya zagaya ta sau biyu, ya shafa tsatsar, ya ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo." Sunan da ya bi ta ke nan.

Autarsa, wadda yanzu nas ce, a gabanta aka yi komai, kuma har yau abin na ba ta mamaki. Baba ya kwance motar kaf, ya jera kowane noti a tiren ƙwai da 'yar takarda a gefensa. Abin da aka daina ƙerawa, sai ya zauna da zarto ya fitar da shi da hannu. Shekara bakwai cur yana wannan fama, maƙwabta na yi masa dariya ta kan katanga. Ranar da Gwaggo ta tashi, fes da ita, launin madara, masu dariyar ne suka fara roƙon a ɗana su. Kowace Lahadi da hantsi yakan zaga unguwa da ita a hankali, har mai keke ya wuce shi, ko a jikinsa.

Sai kunnensa ya fara tafiya. Cikin shekara uku ya rufe ɗif, aka koma yi masa magana a takarda. Rannan yana fitowa da baya daga gida, wata tifa ta yi ta danna masa hon bai ji ba, saura ƙiris ta niƙe shi. Yaya Babba ya tara ƙannensa ya yanke hukunci, za a sayar da Gwaggo. Auta ce ta rubuta wa Baba takardar, don ita ce ba ya yi wa musu. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya juya ya tafi. Wannan ya fi mata zagi ciwo.

Mai sayen ya turo bakanikensa, wani ƙato mai yawan fara'a. Ya ta da injin, ya karkata kai ya saurara, ya dubi Yaya Babba.

"Oga, wannan ai ba mota ba ce, keken ɗinki ce. Lafiyarta ƙalau."

Baba bai ji me aka ce ba, amma ya ga bakin. Ya shiga gareji ya fito da wata siririyar sanda ta katako, duk shatin haƙora a kanta. Auta ba ta taɓa ganinta ba. Ya ɗora ƙarshenta ɗaya a kan injin, ya ciji ɗayan, ya lumshe ido. Ya matsar da ita gaba kaɗan, ya sake matsarwa. Fuskarsa ta koma irin ta da, ta lokacin da yake kara agogo a kunne.

Ya zare sandar ya ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, "Bawul na uku ya saki. Kaɗan ne, bai kai kaurin takarda ba. Kada ka kai wa mutum ita a haka."

Bakaniken ya yi dariya, amma ya kashe motar, ya ɗauko sifana. Da injin ya huce ya buɗe, ya gwada na farko, na biyu, ya zo na uku. Dariyar ta ɗauke. Ya miƙe, ya goge hannu a wando, sannan ya rusuna.

"Baba, na bi. Wallahi shekarata ashirin a aikin nan da kunne biyu, ban ji shi ba."

Auta ta zuba wa sandar ido. Ita da take sa abin awo a ƙirjin mutane kullum, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa sauti na iya bi ta ƙashi ya isa ga mahaifinta ba. Ta nuna sandar, ta buɗe hannu alamar tambaya.

"Da haƙora nake jin ta," in ji Baba. "Naku muryoyin duk sun tafi, Auta. Tata ce kaɗai ta rage mini."

Yaya Babba ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa. Auta kuwa kunya da tausayi suka rufe ta lokaci guda. Ta karɓi sandar, ta goge baƙin man da mayafinta, ta dafa ƙarshen a maƙogwaronta, ta miƙa masa ɗayan. Ya dube ta jim, sannan ya ciza.

"Baba," ta ce, "ba za a sayar ba. Ni zan riƙa tuƙa ka."

Idanunsa suka buɗe. Ya saki sandar a hankali.

"Sake faɗa," ya ce.

Ta lalubo biro a aljihu za ta rubuta masa, ya riƙe hannunta.

"A'a, na ji maganar sarai. Ki dai sake cewa Baba."