Gurbi a Ƙofar Gidan Dilimi

Na daɗe ina ganin cewa ajiye mota a tsakanin motoci biyu ba ya cikin tuƙi, gwaninta ce kawai ta direbobin haya. Idan ban sami fili ba, nakan wuce gaba in ajiye inda babu kowa, in dawo da ƙafa. A haka na yi shekaru ina tuƙi a Jos.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan kai mahaifiyata Dilimi wajen yayarta. Su biyu ne suka rage a ɗakinsu. Layin matsattse ne, motoci da keke sun jeru a gefe, ga lambatu a buɗe. Ko tsayawa in sauke ta ba ya yiwuwa, domin Hajiya takan ɗauki lokaci kafin ta fito, na baya kuma ba sa haƙuri. Sai in ajiye can bakin titi, mu tako a hankali.

Wata Juma'a ta ce mu bari sai wani makon. Da makon ya zo ta sake faɗin haka. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta kira, balle ta kai mini kuka. Matata ta gaya wa, ita ma a kaikaice, cewa gwiwa ta ƙi.

"Malam, gurbi fa ba ya ƙarewa a ƙofar gidan," in ji matata. "Kai ne ba ka shiga."

"Motar doguwa ce."

"Da ita na koya."

Ita a makarantar tuƙi ta koya, amma da motar tamu. Ni kuwa a hanyar Vom na koya, inda ba abin da ke tare mutum sai shanu.

Ranar Asabar da safe muka je wani fili a Rikkos. Ta ajiye jarkoki a matsayin motoci, ta shimfiɗa igiya a matsayin lambatu.

"Da kai kake shiga, shi ya sa," ta ce. "Wuce ka yi kafaɗa da ta gaba, sannan ka sa ribas. Murza sitiyarin duka."

Na murza, na ji wani abu ya lotsa.

"Allah ya jiƙan jarka," ta ce. "Sake."

Mun yi Asabar da dama muna haka. Ina ta tambayar kaina ko lambatun nake tsoro ko idon mutane, kuma har yau ban rarrabe ba.

Ranar da na gwada a Dilimi, teloli da masu shago suka fito, kowa da nasa umarnin.

"Oga, taho, taho."

"A'a, miƙe hannunka tukuna."

Na bar su da maganarsu, na bi madubi. Karon farko bai yi ba, na fita na sake shiga. Hajiya tana baya tana jan carbi. Da na kashe motar na buɗe mata, sai ga zauren gidan a gabanta.

Yanzu duk Juma'a tana zuwa Dilimi, kuma a ƙofar gidan nake sauke ta.