Awon da Aka Yi da Katin Sule

Assalamu alaikum. Mai magana Babban Likitan Gabashin Kano ne, wanda allura ke durƙusa masa kafin ta shiga jiki. Wata biyar ba ku ji ni ba. Yau labarin wani majinyacina zan ba ku.

Bara masu awon lafiya kyauta suka kafa rumfa a Toranke. Wannan saurayi, ɗan shekara ashirin da tara, tsokana ce kawai ta kai shi. Taubashinsa Sule, ɗan gwaggonsa, yana kan layi aka ce shanunsa sun shiga gonar mutane. Ya ba shi riƙon katinsa ya ruga.

Shi kuwa ya miƙa yatsa da sunan Sule.

Malamar asibiti ta duba na'ura ta ce, "Sule, suganka ya hau. Ka je asibitin Gaya cikin satin nan."

Ya kai labari majalisa, aka yi ta dariya. Ya laƙaba wa Sule suna Mazarƙwaila. Sule ya tsorata, ya je Gaya aka auna shi, lafiya lau. Ya dawo ya ce, "Ɗan kawu, bar wasa. Jinin nan naka ne fa."

Ya ce, "Suga ciwon tsofaffi ne da masu kuɗi. Wanne ka gani a jikina?"

Sai ƙishirwa. Sai fitsari ba iyaka. Wando ya fara zamewa.

Da kaka, kututturen dawa ya soke shi a ƙafa. Sati uku ana barbaɗa magani, ciwo sai wari. Sule ya ɗora shi a babur zuwa Gaya, daga can aka tura su Kano.

Likita ya ce, "Da ka zo ranar da aka ce ka zo, da ba mu kai ga wuƙa ba. Mu yi addu'a ƙafar ta tsira."

Ranar bai tsokani kowa ba.

Aka yanke yatsu biyu. Wankin ciwo kullum, allura safe da yamma. Innarsa ta sayar da ragonta. Sule ya yi jinyarsa kwana ashirin, tasa dawar na zube a gona, bai taɓa cewa "ai na faɗa maka" ba.

Ƙafa ta tsira, alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Ga abin da aka gaya masa a asibiti. Duk baligi ya riƙa auna hawan jini. In ka doshi arba'in ka haɗa da suga, in kana yawan ƙishirwa kada ka jira shekaru. A gwada ciwon hanta ko sau ɗaya. Mata su tambayi awon bakin mahaifa.

To, ƙarya ta isa. Babu wani Babban Likita. Ni ne Habu na Toranke, allo kaɗai na yi, yatsun ƙafata takwas.

Sule, a gabanka na kasa faɗa. Ka yafe mini.