Wuƙar Bota ta Sista Kaneng

Sista Kaneng ungozoma ce, 'yar wani ƙauye kusa da Bukuru. Ta zo Landan karatun jinya tun kafin zuwan kuɗin man fetur, ta zauna a unguwar Thamesmead. Mahaifinta haƙar kuza ya yi har ƙura ta cinye masa ƙirji, ta ce cikin jin tarinsa ta girma. Wataƙila shi ya sa a jakarta, kusa da almakashi da auduga, kullum akwai tsohuwar wuƙar shafa bota. Da ita take ɓamɓare tagogin da fenti ya liƙe.

Na san ta a Janairun 1976, da yayata Murja ta haihu. Lokacin yalwa ne, mijin Murja ya aika wa mahaifiyarmu, Inna, tikitin jirgi ta zo jego daga Kano. Inna ta ce sanyin garin nan har ƙashin maijego zai shiga. Ta toshe ƙasan ƙofa da tsummoki, ta kunna hitar kananzir, ta hura gawayi a kaskon da ta taho da shi, ta ajiye a gefen gado. A kwana na uku Murja na fama da ciwon kai, jaririyar kuma numfashinta na fita da ƙara, ta ƙi kama nono. Na san hayaƙin ne, amma na kasa buɗe baki a gaban Inna.

Da hantsi Kaneng ta zo duba maijego. Ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iskar ɗakin, sannan ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaida Inna.

"Mama, sannu da aiki. Irin wannan gashi, tsire ake yi?"

"Ke 'yar Jos, me kika sani a jego? Tara na haifa, duk da wuta aka gasa ni."

"A ɗaki mai asabari a ƙofa, ko ba haka ba? Can hayaƙi yana da hanyar fita. Nan Bature ya yi ɗaki kamar gwangwani."

Ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ta goge hancin jaririyar a hankali, ta miƙa wa Inna audugar. Ta yi baƙi. Inna ta daɗe tana kallonta.

"To sanyin fa? In bar 'yata ta kumbura?"

Kaneng ba ta ce al'adar banza ce ba. Ta fito da robobin ruwan zafi biyu, ta bar Inna ta cika su da hannunta, ta naɗe a zane, ta kara wa Murja a baya da mara. Ta fitar da kaskon baranda, ta kashe hitar. Tagar titi ta bar ta a rufe, ta ce hayaƙin bas ne kawai zai shigo. Tagar baya ta sa wa wuƙar har fentin ya tsage, ta buɗe. Sannan ta kira likita, ta zauna da mu har ya zo.

Kafin la'asar jaririyar ta kama nono. Ranar suna aka raɗa mata Sakinatu.

Kaneng ta manta wuƙar a gidanmu, ko kuma da gangan ta bar ta. Bayan mako biyu matar wani ɗalibi ta haihu a hawan ƙasa na benenmu, Inna ta yafa mayafi za ta je barka. Na ga ta sa wuƙar a jaka.