Tarwaɗar da Inna Ba Ta Ɗanɗana Ba

Edita, ina gaishe ka da aiki. Yanzu ni tsohuwa ce, sai an riƙe ni nake fita tsakar gida, amma lokacin da wannan abu ya faru ina da ƙarfina, da 'ya'ya biyu, ina aure a wani ƙauye kusa da Gagarawa. Shekarun nan ne da Turawa ba su daɗe da zuwa ba, aka fara cewa wai daga Maigatari zuwa arewa ƙasar wasu ce daban. A unguwarmu an san ni da iya girki, an kuma san ni da zuciya. Girkin ake faɗa a gabana, zuciyar sai na ba da baya.

Gidanmu gandu ne, wan mijina shi ne babba, kowa Yaya yake ce masa. Da Inna, mahaifiyata, ta kwanta ciwo bayan rasuwar Baba, ba ta da ɗa namiji da zai riƙe ta, sai na roƙa aka bar ni na ɗauko ta na sa a ɗakina. Yaya ya yarda, amma kullum sai ya samu hanyar tuna mini cewa alfarma ya yi. Inna 'yar bakin kogi ce, can ƙasar Haɗeja. Aure ne ya kawo ta wannan ƙasa tamu ta rairayi, inda ba ka ganin kifi sai busasshe a kasuwa. Da ciwon ya yi nisa ta daina cin abinci, ko kunu na kai mata sai ta kau da kai. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa ta ce da za ta samu ɗanyen kifi irin na gidansu, wanda ake cusa wa kayan yaji a ciki a binne a rushi, da ta ci. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ce tana son wani abu ba sai ranar.

Mijina, Allah ya jiƙansa, ya ɗebi gero daga gayaunarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa, ba daga rumbun gandu ba, ya ɗora wa jaki ya nufi kogi don ya musanya da kifi. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Ya zo da tarwaɗa ɗaya mai rai, tsawon hannuna har kafaɗa, a cikin tukunya mai faɗin baki, yana sake mata ruwa a kowace rijiya. Ƙafarsa duk ta faffashe.

Inna daga kan gado take gaya mini yadda zan yi, muryarta har ta ɗan dawo. Na wanke yauƙin da toka da ruwan tsamiya, na tsaga cikin na kwashe. Na daka albasa da barkono da citta da masoro da daddawa, na cuɗa da tsakin gero da na turara, na zuba man shanu, na cusa har cikin ya cika, na ɗinke da kaba. Na naɗe ta da ganyen kalgo, na shafe da yumɓu, na haƙa rami na zuba garwashi na binne tun da hantsi. Wajen la'asar yumɓun ya tsage, ƙamshi ya cika gidan. Ina jin Inna tana ce wa kanta, shi ne, shi ne.

Ashe a zaure Yaya yana tare da wani madugu daga Damagaram, mai raƙuman kanwa da gishiri, wanda zai wuce kasuwar Gumel. Yaya ya shekara yana neman mutumin nan ya mai da shi fatomansa, wato mai masaukinsa kuma dillalin kayansa. Da baƙon ya yaba ƙamshin, sai Yaya ya ce masa ai dominsa aka yi. Ina fasa yumɓun, na juye kifin a akushi yana tururi, sai ga Yaya ya shigo ya ce in rufe da faifai a kai zaure. Na durƙusa na ce Yaya, na Inna ne, kwana huɗu ƙaninka ya yi a hanya dominta. Ya ce tsohuwar da ba haƙori a bakinta me za ta yi da kifi, a dama mata kunu. Na ce to a raba biyu, baƙo ya ɗauki wajen kai. Ya ce shi ya riga ya yi magana, ba a kai wa babban mutum gutsure, da kai da jela yake so. Na dubi mijina. Mutumin da ya taka rairayi kwana huɗu ya kasa ɗaga ido ya dubi wansa, sai ya ce in yi haƙuri, zai koma ya samo wata. Har yau in na tuna wannan sunkuyar da kai sai in ji ƙirjina ya ɗau zafi. Sannan Yaya ya ƙara da cewa wadda take cin arzikin rumbunsa ba ita za ta zaɓi abin da za ta ci ba, ya kuma ɗaga murya don ta ji daga ɗaki.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗauki akushin na nufi turken awaki, na kife shi a cikin kashi da ƙasa, na sa ƙafa na tattake, zafin yana ƙona ni ban ji ba. Na ce masa ga shi nan, ya kwashe ya kai wa madugunsa. Ya yi rantsuwa, ya kira ni sunayen da ba zan sa a rubuta ba, matan gida suka shiga tsakani. Madugun kuwa ya ji komai, ya ɗaure kayansa ya koma wani gida.

Na shiga ɗaki ina huci, ina jin kamar na yi nasara. Na ce wa Inna ban bar su sun ci ba. Sai ta ce, "Ke 'yar nan, ai a hannunki yake. Daga inda kike tsaye zuwa nan taku nawa ne? Da kin ɗan gutsuro mini ta wajen ciki, ko loma ɗaya, sannan ki je ki yi faɗanki."

Washegari mijina ya sake ɗora wa jaki kaya ya koma kogi. Yana hanya, a kwana na uku, Inna ta cika, ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Ya dawo da wata tarwaɗar ya tarar ana zaman makoki, maƙwabta aka ba.

Ban yafe wa Yaya ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yafe ba don in burge masu karatu. Ya wulaƙanta mara lafiya don ya faranta wa baƙon da ko sunan ƙauyenmu bai riƙe ba. Amma shi kifi kawai ya so ƙwacewa. Wadda ta hana Inna ci ni ce, da hannuna da ƙafata, kuma ina yi ina cewa dominta nake yi. Ƙarya ne. A lokacin na manta da ita gaba ɗaya, Yaya kaɗai nake gani, burina in ƙona masa rai.

Don haka nake jan kunnen masu zuciya irin tawa, maza da mata. In kana faɗa domin wani, tsaya ka waiwaya ka dube shi, ka ga me yake buƙata a wannan lokacin, ka ba shi tukuna. Wanda ya ɓata maka rai yana nan gobe, za ka same shi. Yaya ya yi shekara ashirin bayan haka muna gida ɗaya, ina da lokacin gaya masa duk abin da na ga dama. Inna kwana huɗu kawai suka rage mata, ban kuwa sani ba.