Akwatin da ke kai ƙarata Malbaza

Na daɗe ina kula da kwamfutocin wani Alhaji mai fataucin albasa da wake a Konni. Duk abin da ya shafi na'ura ni ake kira, ko da cajar waya ce ta ƙi. In na faɗi magana, Alhaji ba ya tambayar kowa bayana, kuma ina jin daɗin haka ƙwarai.

Damuwarmu ɗaya, bayanan kasuwa a warwatse suke. Hotunan lodi suna kwamfutar wannan, takardun duwan, wato kwastan, suna ta wancan. Alhaji ya ce in nemo inda za a tara su wuri guda.

A makon nan ne na je Malbaza gaishe da kawuna, sai ɗansa, taubashina, ya ja ni wurin aikinsa. Tare muka yi lakwal, aji ɗaya da shi, kuma ni nake ba shi amsar lissafi. Yanzu ga shi a wata babbar masana'anta, yana ɗora yatsa a jikin ƙofa tana buɗewa. Ɗakin da muka shiga sanyi kamar randa. Manyan kwamfutoci jere cikin kabad na ƙarfe, ma'ajiyar bayanai a gefe, tsakaninsu wayoyi na musamman da ba mai bi sai su kaɗai. Ya ce sunan tsarin SAN, kowace babbar kwamfuta tana ganin ma'ajiyar kamar a cikinta take.

"Bawana, kak ka taɓa komi," in ji shi. "Hannunka warin albasa shi kai."

Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, don haka bawansa yake kirana tun muna yara, kuma ba a fushi da wasan taubashi. Na yi dariya. Amma hassada ta cika ni har wuya, a babur ina komawa Konni ko garin Tsarnawa ban lura na wuce ba.

Akwai hanya mai sauƙi, na san da ita: ɗan akwati mai faifai biyu da ake kira NAS, a jona shi da wayar kwamfutocin buro, wato ofishinmu, kowa ya ajiye ya ɗauka kamar rumbun gida. Amma na ce wa Alhaji irin wanda na gani wurin aikin taubashina a Malbaza ya dace da mu. Kasuwa gaba take yi, me zai sa mu fara da ƙarami? Har gobe ina kan wannan magana.

Alhaji ya saurara, ya shafa gemu, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba. "Kira muna ɗan uwan nan naka shi zo shi gani."

Ya zo ranar Asabar, da farar mota. Ya leƙa buronmu, ya ga kwamfutocin da ba su cika yatsun hannu ba, ya dubi silin, ya tambayi sau nawa kuran, wutar lantarki, ke ɗaukewa a yini. Sai ya fashe da dariya.

"Alhaji, bawan ga nawa so shi kai shi sai maka tirela don ɗaukar kwandon albasa guda. Namu na son ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa da mai tsaro nai kullum. Ku ƴan takardu da hotuna ag gare ku. Ƙaramin akwati ya ishe ku, ku riƙa kwafe shi a wani faifai kuna kai gida."

Alhaji ya yi dariya, magatakarda ya yi, har mai gadi da bai san kan zancen ba. Ni ma na yi, tunda al'ada ta ce in yi. Da wani ne ba shi ba, da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Aka sayo akwatin, ni na haɗa shi da hannuna, kuma yana aiki lafiya lau, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Da na gama, na gaya wa Alhaji cewa in faifai ya yi zafi ko ya fara lalacewa, akwatin zai aika saƙo a waya. Ina cikin sa lambar wayata, Alhaji ya dafa kafaɗata.

"A'a, ɗana. Sa ta Malbaza. Shi ya san abin."

Na sa.

Yanzu akwatin yana ƙarƙashin teburina, ƙafata na taɓa shi. In bazara ta yi, rana ta take, sai wayata ta yi ƙara, in ga sunan taubashina. Daga cikin ɗakinsa mai sanyi yake cewa, "Bawana, tashi ka kunna fanka, akwatinka na zufa. Na riga na gaya ma Alhaji."

Sai in tashi in kunna.