Ranar da Habu ya juya kudu a birnin Sham

Bana shekara goma sha uku ke nan da muka kai Habu makwancinsa a maƙabartar da ke bayan tafkin Madarumfa. Na so in rubuta wannan da sanyin zuciya, yadda ya kamata a tuna mamaci, amma na gwada na kasa. Ilimina kaɗan ne, bokon ma a bariki na tsince shi, kuma tun ina yaro aka san ni da saurin fushi. Allah ya yafe mini, mai karatu kuma ya yi haƙuri da abin da zai ji.

Abubakar ne sunansa na yanka. Tare muka tashi, gonakin iyayenmu suna iyaka da juna, tare kuma aka ɗebe mu aikin soja kafin babban yaƙin Turawa. A watan nan da muke ciki matar Lawali, ɗansa na fari, ta haifi namiji. Na je barka ina murna, na ce masa ai ba sai an yi shawarar suna ba, Habu ya dawo. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Idi, ka san garin ga. In na sa mishi sunan, kafin ya iya tafiya sun fara kiran shi Kudu."

Ɗa yana tsoron sunan ubansa. Abin da mutanen garinmu suka yi ke nan, kuma bari in faɗi yadda aka yi.

Faransawa sun kai mu ƙasar Sham ta jirgin ruwa, suka ajiye mu a wani bariki a wajen birnin Dimashƙa. A cikinmu masu salla ba su da yawa, mu Hausawa kaɗan da Zabarmawa da wasu Bambarawa, kuma Habu ne ya fi mu karatu, saboda haka shi yake jan mu. Kowa a ƙasarmu ya san inda ake kallo in za a yi salla. Ba ma cewa alƙibla sai in malami yana wa'azi, gabas muke cewa. A fuskanci gabas a yi salla, a fuskanci gabas a yanka rago, a kwantar da mamaci yana kallon gabas. Don haka da muka sauka, Habu ya duba inda rana take fitowa, ya ja layi a ƙasa bayan ɗakinmu, muka yi ta bin sa wata da watanni.

Wata Juma'a aka ba mu, ni da Habu, izinin shiga gari. Habu bai karya ba don ɗoki. Tun a hanya ya cire jar hular soja ya cusa cikin riga, ya ce in cire tawa, don ba ya so ya shiga ɗakin Allah da alamar Nasara a kansa. Bai hana komai ba. Yara suka biyo mu suna ihu, "Sinigal, Sinigal," don a wurinsu duk baƙin soja daga can yake. Wani mai sayar da tufafi ya tofar da yawu da muka wuce. Na juya zan koma masa, Habu ya riƙe ni ya ce, "Idi, garinsu aka ci, kuma rigar masu cin muka sa. Mi kake so ya yi, ya ba ka goro?"

Mun ga abubuwa ranar nan. Mun ga ƙaramin jirgin ƙasa yana tafiya a tsakiyar titi ba wuta ba hayaƙi, sai ƙararrawa. Mun shiga wata kasuwa mai rufin ƙarfe, doguwa har ba ka ganin ƙarshenta, rufin duk ƙananan huji, haske yana saukowa ta cikinsu a kan mutane. A nan wasu samari suke daka wani farin abu a turmi suna kiɗa da taɓarya. Habu ya saya yana zaton fura ce, ya kai baki da yawa, sanyi ya kama masa haƙora har ya durƙusa yana salati. Na yi dariya har hawaye, masu dakan ma suka yi.

Kasuwar ce ta fitar da mu a ƙofar babban masallacin birnin. Ban da bakin da zan kwatanta shi. Filin tsakar gidansa kaɗai zai ɗauke kasuwar Gabi da dabbobinta, ƙasan duk farin dutse mai santsi, bango kuma an yi masa zanen itatuwa da koguna da ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya. Ruwa yana ɓulɓulowa a tsakiya ba wanda ya ja guga. Hantsi ne, mutane ba su taru ba tukuna. Muka yi alwala, Habu ya ce mu gaishe da wurin da raka'a biyu. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya fuskance ta, ya kabbarta, na tsaya a gefensa.

Muna sallamewa sai ga wani tsoho mai shayar da mutane ruwa yana tsaye a kanmu. Ya kama kafaɗun Habu ya murɗa shi hannun dama, ya nuna gaba ya ce, "Ƙibla." Habu ya nuna rana ya ce, "Gabas." Tsohon ya girgiza kai. Ni na ɗauka wulaƙanci ne irin na mai tofar da yawu, har na fara ɗaga murya da Hausa. Tsohon bai ko dube ni ba. Ya ja hannun Habu zuwa cikin masallaci, ya nuna masa wurin tsayuwar liman, ya nuna masa masu nafila nan da can, kowa da kowa yana kallon kudu. Sannan ya ajiye kofin ruwansa a ƙasa, ya nuna shi ya ce, "Makka." Ya tsaya a wani gefe ya ce, "Sudan," wato ƙasarmu ta baƙar fata, ya fuskanci kofin. Ya taka ya koma wani gefe ya ce, "Sham," ya sake fuskantar kofin.

Habu ya daɗe yana kallon kofin nan. Sai ya ce mini a hankali, "Idi, mun wuce ta ba mu sani ba. Muna arewa da ita." Ya juya kudu, ya sake raka'o'insa, mutane suna kallo, wasu suna murmushi.

Bayan haka tsohon ya zama ɗan jagoranmu. Ya kai mu wani ɗan ɗaki mai koren rufi a cikin masallacin, ya ce kan Annabi Yahaya ne a ciki. Ya nuna mana hasumiyar da suke cewa a kanta Annabi Isa zai sauko. Muka yi Juma'a a cikin taron da ban taɓa ganin irinsa ba. Wanda ke damana ya janye rigarsa don kada ta taɓa tawa, wanda ke hagun Habu kuwa ya ba shi hannu bayan sallama. Da la'asar muka hau dutsen da ke bayan gari, muka ga birnin duka a kwance cikin lambuna. Ni ina lissafa hasumiyoyi, shi kuwa kudu kawai yake kallo. Da muka koma bariki bai jira an tambaye shi ba. Ya tara waɗanda yake ja salla ya ce, "Na ɓatar da ku ban sani ba, ku yafe mini." Ya share layinsa da ƙafa, ya ja sabo.

Wannan ita ce ranar da ta fi kowace daɗi a rayuwarsa, ya sha faɗa mini. Ita ce kuma ta kashe masa suna.

Da aka sallame mu muka dawo gida, ana zaune a bakin kasuwa bayan la'asar, mutane suna tambayar abin da muka gani. Habu ya ba da labarin jirgin titi, aka yarda. Ya ba da labarin furar ƙanƙara, aka yarda. Sai ya ce a Sham kudu ake kallo a yi salla. Nomau, wani sa'anmu mai baki, wanda a lokacin yake bin ƙauyuka sayen gyaɗa, ya ce, "Kudu, Habu? Wajen Katsina? To su Annabinsu a Jibiya yake?" Aka fashe da dariya. Habu ya karɓi ƙwarya wajen mai nono, ya kife ta a ƙasa, ya fara zagaya ta yana bayani yadda tsohon ya yi masa. Nomau ya miƙe yana tafi. "Jama'a ku taho ku ga ɗawafin ƙwarya! Alhaji Kudu, saura jifan Shaiɗan!"

Na ce ni shaida ne, da idona na gani. Aka ce ai tukunyar Nasara ɗaya muka ci. Na mari Nomau, sai aka ce to ga shi nan, su biyun duka ƙarar bindiga ta taɓa musu kai. Hannuna bai taimaki Habu da komai ba, na sani.

Kafin damina sunan ya bi gari. Da, in liman ba ya nan, Habu ake turawa gaba a masallacin unguwarmu. Aka daina. Wani ya ce tsoro yake ji kada a ɗago daga ruku'u a ga an nufi Kano. Yara suka yi masa waƙa, iyayensu suna ji suna dariya. Limamin lokacin, Allah ya jiƙansa, ya faɗa wa Habu a zaurensa cewa abin da ya gani daidai ne, yana cikin littattafai. A zaure ya faɗa, su biyu. Bai taɓa faɗa a gaban sahu ba, wai ba ya shiga hayaniyar samari. Habu ya koma yin sallarsa a gida ko a gona, sai aka ce kun gani, ya bar masallaci. Da ciwon ƙirji ya ɗauke shi, muna bakin kabari muna saukar da shi, na ji da kunnena wani yana raɗa wa na kusa da shi, "To ina za a fuskantar da shi?" Na san mai muryar. Har yau ba na gaishe shi, kuma na san wannan zunubi ne a kaina.

Yanzu zamani ya sauya. Kamiyo, babbar motar kaya, yana kai mutum Kano, jirgin sama ya ɗauke shi zuwa Jidda, ya dawo kafin a gama sussukar gero. Bara Nomau ya je, ya dawo Alhaji Nomau, da farin rawani da ruwan zamzam. Aka cika ƙofar gidansa. Ina tsaye daga baya na ji yana cewa, "Wallahi a Madina kudu muka kalla muka yi salla." Mutanen nan, su ɗin dai, waɗanda suka yi dariya a bakin kasuwa, suka haɗa baki, "Allahu akbar! Ikon Allah!" Ba wanda ya ambaci Habu. Ba wanda ya ko sunkuyar da kai. Maganar ba ta sauya ba ko da harafi ɗaya, bakin da ya faɗe ta ne ya sauya. Da Habu yana nan ya ji, na san ba zai ce uffan ba, wataƙila ma ya matsa gaba ya tambayi Nomau yadda Madina take, don shi bai samu ganinta ba. Wannan ne yake ƙara ƙona mini rai.

Da na fito daga wajen Lawali ranar barkar nan ban zame ko'ina ba sai gidan Nomau. Na ce masa ya zo ranar suna ya faɗa a gaban jama'a cewa Habu gaskiya ya faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Haba Idi, har yanzu? Wasa ne fa, ƙuruciya." Na ce wasan ya bi mutum har kabari, yanzu yana bin jikansa. Ya ce yana da kaya a Ɗan Isa ranar, amma zai aiko da goro.

Sai na koma na zaunar da Lawali, na ba shi labarin ranar nan tun daga jar hula har zuwa layin da ubansa ya share. Ashe bai taɓa jin sa ba. Waƙar yara kawai ya sani. Duk shekarun nan in aka ambaci maganar sai in hau zagi, ban taɓa natsuwa na faɗa masa abin da ya faru ba. Ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya shiga gida.

Habu bai bar dukiya ba, gonarsa ma ƙanana aka raba ta. Abin da na san ya bari shi ne wannan: an nuna masa kuskurensa a bainar jama'a, a garin da ba a ƙaunarsa, da harshen da ba ya ji, ya juya nan take, ya kuma je ya nemi gafarar waɗanda ya ɓatar. Garinmu kuwa an nuna masa nasa kuskuren tun bara, da Hausa, har yau yana tsaye inda yake.

Ranar suna aka taru da safe a ƙofar gida. Goron Nomau ya iso, shi bai iso ba. Lawali ya durƙusa ya raɗa wa liman, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an samu Abubakar. Ana shafa fatiha sai wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Kudu ya dawo." Wasu suka yi tari don ɓoye dariya. Na kai hannu ga sandata na yunƙura. Lawali ya riƙe bakin rigata.

"Zauna, Baba," ya ce. Sai ya juya ya dubi inda muryar ta fito. "Ƙwarai ya dawo. A miƙa wa mai maganar goro."

Na zauna. Allah ya jiƙan Habu, ni kuma ya cire mini abin da ke zuciyata, don har yanzu da nake rubuta wannan, ina jin da an bar ni na tashi.