Ragon da Aka Yanka wa Garuruwa Biyar

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan faɗa ya faru ina ɗan shekara tara ko goma, kuma ban rubuta komai a lokacin ba. Mai yiwuwa na haɗa maraice biyu na mayar da su ɗaya. Mai yiwuwa kuma wasu kalmomin da nake jingina wa kakata Iya nawa ne, na ɗora mata su daga baya ban sani ba. Yayata Rabi, wadda ta ba ni shekara uku, ta saɓa mini a wuri ɗaya mai muhimmanci, zan kuma faɗi wurin idan na zo kansa.

Ƙauyenmu, Ɗinyar Malle, yana tsakanin Tsanyawa da Bagwai, inda gona take manne da gona, babu daji ko na ɓuyan akuya. In ka tsaya a ƙofar masallacinmu kana hango rumbunan garuruwa huɗu, wani lokaci ma ladanin wani gari ne yake tashinmu da asuba. Duk da wannan kusanci kowa ya san kansa. Mu masaƙa ne tun kakanni. Akwai garin maƙera, akwai na Fulanin da suka daɗe da zama, akwai wani ƙarami na masu noman rani. Sai Tudun Ƙirya, wanda ya fi kowa girma, shi ke da kasuwa da makarantar firamare, kuma nan hanyar mota ta tsaya.

A shekarun farin nan ne, da damina biyu a jere ta yaudare mu. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, wata rana ma sai kwaɗon tafasa da rama. Karan da muke hura wuta da shi dabbobi sun cinye, sai busasshen kashin shanu muke tsintowa. Wutarsa ba ta da haske sosai amma tana daɗewa, kuma a gefenta Iya take zama bayan magariba, ta miƙe ƙafa, mu kewaye ta, ni da Rabi da ƙanenmu Sale wanda bai daɗe da yaye ba. Ina zaton tana yi mana tatsuniya ne don mu manta tukunya ba ta cika ba. Ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Sai ta ce, “Ga wata can ta taso,” mu ce, “Ta sauka a gidanmu.”

Iya ita ta haifi Baba, kuma shi ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana ba. In tana da saƙo sai ta ba Inna, in Inna ba ta kusa sai ta faɗa wa bango, shi kuma ya ji.

A lokacin ne maganar tarayya ta taso. Dattawan garuruwan biyar suka ga mutane sun fara fasa tulunan iri suna ci. Aka ce a haɗa irin gero da na dawa na kowane gari a ɗaki ɗaya a kulle har ruwa ya sauka, a kuma haɗu a ƙarƙashin suna ɗaya, don an ce hukuma ba ta kai hatsin agaji ƙananan ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, sai dai ƙungiya mai suna da hatimi. Kowa ya yarda da haɗuwar. Sunan ne ya gagara. An zauna sau uku ana tashi baram-baram. Maƙera suka ce su suka fara zuwa, Fulani suka ce kafin kowa shanunsu ke kiwo a wurin, mu muka ce zanen da duka garuruwan suke ɗaurawa daga hannunmu ya fito.

Sai wani Alhaji, babban ɗan kasuwar hatsi a Tudun Ƙirya, ya ce a bar wahalar da kai. Shi zai ba da ɗakin ajiya, zai sa a yi allo da hatimi, zai kawo rago a yanka ranar taro a yi addu'a. Suna kuwa a ce Tarayyar Ƙasar Tudun Ƙirya, tunda shi ne sunan da ma'aikatan hukuma suka sani. Ina so in yi masa adalci: hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma ba ni da wata shaidar cewa da mugun nufi ya yi.

Mai garinmu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, don haka ya wakilta Baba, wanda ya iya karatun boko kaɗan, ya kai irin garinmu ya sa hannu. Daren da za a wayi gari a tafi, Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana ɗinke mangalar jaki. Irin gidanmu tulu biyu ne, an cakuɗa da toka an liƙe baki da laka, kuma a ɗakin Iya suke.

“Kai mijin banza,” in ji Iya gare ni, “iza wutar nan, ko sai na durƙusa maka?”

“Iya, ai na sake ki tun jiya.”

“Ka sake ni da me, kai da ko wandon jikinka na aro ne? Zauna. Ga wata can ta taso.”

Na lura muryarta ta fi ta kullum ƙarfi. Ta kuma juya gefenta wajen ƙofar Baba, ba wajenmu ba.

Ta ce a wata shekarar yunwa wasu mata uku maƙwabtan juna suka je tsince-tsince, suka iske jariri a gindin gawo, ba uwa ba uba. Ɗaya tana da nono, ta shayar da shi. Ɗaya tana da zane, ta goya shi. Ɗaya tana da ɗaki mai rufin kirki, ya kwana a can. Ranar bakwai ta zo, kowacce ta ce sunan mahaifinta za a sa masa. Suna cikin cacar baki sai ga wani matafiyi yana jan rago. Ya ce, “Haba bayin Allah, a kan wannan kuke ɓata zumunci? Ga rago kyauta, ga kuma suna, ba na kowaccenku ba.” Aka yanka, ya raɗa wa yaro suna, gari ya taru aka ci nama, shi kuma ya wuce abinsa.

Yaro ya girma da wata baiwa: duk inda ya tsaya ya buga ƙafa, in aka haƙa sai a tarar da ruwa. Garin ya cika da rijiyoyi. Labari ya bazu. Sai ga matafiyin nan ya dawo, ya je gaban alƙali ya ce ya zo ɗaukar ɗansa. Matan suka yi kururuwa. Wannan ta ce nonona, wannan ta ce bayana, wannan ta ce ɗakina. Alƙali ya ce duk ya ji. “Amma wa ya raɗa masa suna?” Suka yi shiru. “Wa ya yanka rago?” Shiru. Ya juya wajen jama'a ya ce, “Wa ya ci naman?” Kowa ya sunkuyar da kai, don babu wanda bai ci ba. Alƙali ya ce, “To ku ne shaidunsa.” Mutumin ya kama hannun yaro suka tafi, rijiyoyin kuma suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya.

Rabi ta ce, “Iya, to me ya hana su ƙin cin naman?”

“Yunwa, 'yar nan. Ai shi ya sa bai zo da ragonsa a shekarar ƙoshi ba.” Sannan ta ce wa bango, “Ni dai tuluna na ɗakina. Wanda ya ga dama ya ɗauka, ba ni da ƙarfin hanawa. Na sauke tatsuniyata.”

Baba bai ɗago ba. Na dai ga allurar ta tsaya a hannunsa.

Da safe ya ɗauki tulunan, ya haɗa da na sauran gari, jakuna uku, ya tafi tare da mutum biyu. Abin da ya faru a harabar makarantar Tudun Ƙirya ban gani ba, daga bakin waɗanda suka raka shi na ji. Sun ce an riga an kayar da rago, ana fiɗa, sai Baba ya miƙe ya ce Ɗinyar Malle ta yarda da tarayya, amma tana roƙon abu biyu: a sa sunan da ba na kowane gari ba, kuma ragon a ce na garuruwa biyar ne, kowa ya kawo abin da ya samu, ko da kaza ce.

Alhajin ya yi dariya ya ce, “Malam Idi, yara na kwana da yunwa, kai kana tambayar asalin rago?”

Aka yi dariya. Wani daga cikin maƙera ya ce masaƙa dama sun saba warware abin da aka gama ƙullawa. Baba ya ce shi dai abin da ya roƙa ke nan. Aka ce ba za a sake zama na huɗu ba. Bai sa hannu ba. Da la'asar muka ga jakuna uku sun dawo da kayansu yadda suka tafi.

Ba zan ɓoye abin da ya biyo baya ba, ko da yake ba ya yi wa gidanmu daɗi. Bayan 'yan makonni motar hatsi ta zo. Ta tsaya a Tudun Ƙirya, aka kira garuruwa huɗu, ba a kira mu ba, don sunanmu ba ya cikin takarda. Mutanen garinmu suka daina tsayawa gaisawa da Baba bayan sallar asuba. Gidaje uku suka tashi suka koma Kano. Sale ya rasu kafin ruwan farko. Inna ta ce ƙyanda ce, kuma lallai an yi ƙyanda a shekarar, amma ban iya rantsewa cewa da cikinsa yana da abinci da ba zai tashi ba. Iya ta daina tatsuniya tun daga ranar. Tana zama a gefen wutar, amma ba ta sake cewa ga wata can ta taso ba.

Da ruwa ya sauka mun yi shuka da irinmu washegari. Su kuwa, a nan labari ya rabu. Wasu sun ce an buɗe ɗakin an raba wa kowa nasa daidai. Wasu sun ce mutanen Tudun Ƙirya aka fara sallama, na nesa sai bayan kwana shida, ƙasa ta fara bushewa. Na tambayi tsofaffi a garuruwa uku, na samu amsa iri uku. Abin da na tabbatar kawai shi ne wanda nake gani yau. In ka tambayi jikan maƙeran nan daga ina yake, zai ce Tudun Ƙirya, kuma ba ya jin ya yi ƙarya. Sunayen garuruwansu sun koma sunayen unguwanni. Suna da asibiti da famfo. Mu har yanzu Ɗinyar Malle ne, a baki da a takarda, kuma matanmu can suke zuwa awo a kan babur.

Na yi karatu har jami'a, na karanta yadda ƙasashe suke haɗuwa su rabu. Kwanan baya ina jin rediyo ana maganar wasu ƙasashe da suke son zama tarayya ɗaya, suna neman sunan da za su kira kansu da shi, masana suna ta kawo sunayen dauloli na da. Na kama kaina ina tambayar rediyon, wa zai kawo ragon? Ba na alfahari da wannan. Na san zargi yana iya zama hikima, yana kuma iya zama ciwon da aka gada, kuma har yau ban iya rarrabe wanne Iya ta bar mini ba. Wata rana ina ganin ta hango abin da dattawa biyar ba su hango ba. Wata rana kuma ina ganin tsohuwa ce mai tsoron rabuwa da tulunanta, wadda al'ada ta hana ta zama da ɗanta su yi shawara, ya tambaye ta, ta amsa, sai ta jefa masa tatsuniyar da ba shi da damar musawa.

Abin da ya sa nake tono wannan yanzu shi ne maganar ta dawo. Ana son garuruwan nan biyar su haɗu su nemi gunduma tasu, kuma mutanen garinmu sun ce ni zan wakilce su, ni zan sa hannu. Taron bayan sallah ne. An ce wani bawan Allah ya yi alkawarin bijimin sa, ba ma rago ba. Na rubuta jawabi biyu, na amincewa da na ƙi, duka suna cikin aljihun rigata.

Ga inda muka saɓa da Rabi. Ni abin da na riƙe tun ina yaro shi ne Baba bai taɓa naman nan ba, ya juyo da jakunansa bakinsa a bushe. Rabi ta ce ba haka ba ne. Ta ce da ya shigo gida ya zaro wani ƙunshin takarda mai maiƙo daga aljihu ya miƙa wa Inna a ɓoye, ya ce a ba yara. Ta ce Inna ta tauna wa Sale nasa, ta ba ni tsoka biyu, na cinye har ina lasar takardar. Ta ce Iya tana kallo, ba ta ce komai ba, ko ga bango.

Ni ban tuna wannan ba ko kaɗan. Amma Rabi ba ta saba ƙarya ba, kuma Baba da Inna da Iya duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Don haka nake roƙo. Duk wanda ya halarci wancan taron na shekarar fari a harabar makaranta, ko ya ji daga bakin wanda ya halarta, ya taimaka ya aiko mini da gyara ta hannun limamin garinmu, ko ya tare ni a kasuwar Tsanyawa. In na zalunci Alhajin a gaya mini, in na ƙara wa Iya magana a rage. Amma abin da na fi bukata shi ne wanda ya ga hannun Baba lokacin da ake rabon nama. In har na ci ragon nan, ina so in sani kafin in miƙe a gaban mutane.